Shimfiɗar Yashi da Tsakuwa: Yadda Take Tsare Ƙasa, Ta Bar Ruwa Ya Wuce

Duk wanda ya zauna a ƙauyen da ke bakin gulbi ya san abin da mata kan yi da rani, sa'ad da ruwa ya janye ya bar yashi. Sukan tona ɗan rami a cikin yashin, su kwashe gurɓataccen ruwan farko su zubar, su dakata kaɗan, sai ga ruwa garau ya tsattsafo ya cika ramin. Idan kuwa mai ɗiba ta yi gaggawa ta kwashe ruwan gaba ɗaya, sai a ga yashin da ke gindin ramin yana motsi kamar tafasa, gefen ramin ya rufta, ruwan ya sāke gurɓacewa. Abu biyu ke nan da ke bukatar bayani: ƙaƙa yashi ke riƙe daskararren datti ya bar ruwa ya wuce, kuma me ke sa wani lokaci ruwan ya rinjayi yashin ya tafi da shi? A kan amsar waɗannan tambayoyi biyu aka kafa ginin madatsun ruwa na ƙasa, irin ta Tiga da aka gama a 1974, da kuma matatun ruwan sha na birane. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu, ta hanyar da malami zai iya kai ta gaban ɗalibai.

Sunayen ƙasa da awonta

Hausa ba ta rasa sunaye ba a wannan fage. Muna da yumɓu, da laka, da turɓaya, da rairayi, da yashi, da tsakuwa, kuma manomi ko magini ba ya ruɗa ɗaya da ɗaya. Sai dai shi injiniya ba ya dogara da taɓawar hannu, da awo yake rarrabewa. A tsarin da aka saba bi a Ingila, ƙwayar da ba ta kai milimita 0.002 ba ita ce yumɓu; daga nan zuwa 0.06 wata lallausar ƙasa ce mai kama da gari, irin wadda ambaliya kan bari a fadama, za mu kira ta garin ƙasa, daga 0.06 zuwa milimita 2 yashi ne, ƙananansa su ne rairayi. Daga 2 zuwa 60 kuwa tsakuwa. Shimfiɗar yashi ko tsakuwa da aka zuba takanas domin ta tsare wata ƙasa ta bar ruwa ya fita, ita za mu kira mataci.

Ƙasa ba ta zuwa da ƙwaya iri guda, kullum gauraye take. Saboda haka akan busar da ita, a auna nauyinta, a zuba a kan jerin rariya, mai manyan idanu a sama, mai ƙanana a ƙasa, a girgiza, sa'an nan a auna abin da ya tsaya a kowace rariya. Daga wannan ake samun lambobi biyu da za mu yi ta komawa gare su. Na farko shi ne faɗin idon rariyar da kashi 15 cikin 100 na nauyin ƙasar ke wucewa ta cikinsa. Injiniyoyi na rubuta shi D15, mu kira shi awon sha biyar. Shi ke wakiltar ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ƙasar. Na biyu shi ne faɗin idon da kashi 85 ke wucewa, watau D85, awon tamanin da biyar, wanda ke wakiltar manyan. Asalin wannan dabara ta bayyana yashi da lamba guda na Allen Hazen ne, wanda ya yi gwaje-gwajen tace ruwa a Lawrence ta jihar Massachusetts a Amurka, ya buga sakamakonsa a 1892. Shi da awon goma ya yi aiki.

Kafofin da ke tsakanin ƙwayoyi

A ɗauki lemo uku masu girma ɗaya a haɗa su, kowane yana taɓa 'yan'uwansa biyu. A tsakiyarsu akwai 'yar kafa, lissafi kuwa ya nuna abin da zai iya ratsa ta bai wuce kashi 0.155 na faɗin lemo guda ba, watau wajen ɗaya bisa shida da rabi. In lemo huɗu aka jera a murabba'i, kafar takan kai 0.414. Yashi na gaskiya ba dunƙulalle ba ne sumul kamar lemo, amma darasin bai sāke ba: girman kafa yana bin girman ƙwaya, kuma a cikin gaurayayyen yashi ƙananan ƙwayoyi ne ke yanke hukunci, domin su ke shiga tsakanin manya su ƙuntata hanya. Dalilin da ya sa ake duban awon sha biyar na mataci ke nan in ana so a san girman kafofinsa.

Ta cikin waɗannan kafofi ruwa ke bi. A 1856 Henry Darcy, injiniyan da ya kawo wa garin Dijon na Faransa ruwan famfo, ya cika wani bututu da yashi, ya tura ruwa ta ciki, ya tabbatar da cewa yawan ruwan da ke wucewa yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar tsayin ruwan da ke turo shi, yana raguwa daidai da tsawon yashin da zai ratsa. Hazen ya ƙara da cewa saurin wucewar ruwa a yashi mai tsabta yana bin girman ƙananan ƙwayoyi in an ninka shi da kansa. Ma'ana, in ƙwaya ta ninka biyu, ruwa zai wuce ninki huɗu. In ta ninka biyar, ninki ashirin da biyar.

To, ruwan da ke ratsa ƙasa ba ya wucewa hannu rabbana, yana jan kowace ƙwaya ya nufi da ita inda ya dosa. Inda yake ɓullowa daga ƙasa zuwa sama, in bambancin tsayin ruwa ya kai kimanin kaurin yashin da yake ratsawa, sai jan ya yi daidai da nauyin yashin a cikin ruwa, ƙwayoyin su daina danne juna, yashin ya koma kamar kunu. Tafasar da muka gani a gindin ramin gulbi ke nan: mai ɗiba ta rage ruwan cikin rami farat ɗaya, na waje ya fi shi tsayi, ya turo da ƙarfi.

Zaizayar ciki da ƙa'idar Terzaghi

Babu madatsar ƙasa da ba ta yoyo. Ko da an yi mata zuciya ta yumɓu an daddaɓe, ruwa zai bi ta jikinta da ƙarƙashinta a hankali ya ɓullo ta baya. Yoyon kansa ba abin tsoro ba ne muddin ruwan garau yake fita. Haɗarin yana zuwa ne ranar da ruwan ya fara ɗaukar ƙasa. Ƙwayar da ke bakin mafita ita ke fara tafiya, ta bar gurbi. Gurbin ya gajarta wa ruwa hanya, ruwan ya ƙara ƙarfi a wurin, ya ɗauki ta bayanta. Haka ramin zai yi ta cin baya-baya, kamar ramin gara a cikin katanga, daga bayan madatsa ya nufi tafkin, ba wanda ya gan shi daga waje, har ranar da ya huda. Wannan ita ce zaizayar ciki. Binciken da Foster da Fell da Spannagle suka buga a 2000 game da manyan madatsun ƙasa na duniya ya nuna kusan rabin waɗanda suka fashe ita ce ta ci su.

Wanda ya fara ba da magani mai lissafi shi ne Karl Terzaghi, mutumin Ostiriya, an haife shi a Prague a 1883, ya rasu a 1963. Yana koyarwa a Santambul ya yi gwaje-gwajen da suka zama littafinsa na 1925, wanda daga gare shi ake lissafin farkon ilmin ƙasa na injiniyoyi. Shawararsa ita ce kada a yi ƙoƙarin toshe mafitar ruwa, domin in an toshe nan zai taru ya ɓalle can. A bar shi ya fita, amma a shimfiɗa masa yashi a bakin mafita wanda zai hana ƙasa biyo shi, a ɗora tsakuwa da duwatsu a kai su danne. An yi aiki da ƙa'idarsa a madatsar Bou Hanifia ta Aljeriya, inda ya ba da shawara, sa'an nan G. E. Bertram ya jarraba ta a ɗakin gwaji na Harvard ya buga a 1940.

Ƙa'idar sharaɗi biyu ce masu jan juna. Na ɗaya: awon sha biyar na mataci kada ya wuce ninki huɗu ko biyar na awon tamanin da biyar na ƙasar da ake tsarewa. Wannan shi ke hana ƙasa wucewa. Na biyu: awon sha biyar na mataci ya kai aƙalla ninki huɗu ko biyar na awon sha biyar na ƙasar. Wannan shi ke tabbatar da cewa ruwa zai fi samun sauƙin wucewa a mataci ninki goma sha shida zuwa ashirin da biyar, bisa ga lissafin Hazen, don kada ya taru a bayansa.

Misali zai fi fayyacewa. A ce ƙasar madatsa awon tamanin da biyar nata milimita 0.2 ne, awon sha biyar kuwa 0.02. Sharaɗi na ɗaya ya ce awon sha biyar na mataci kada ya wuce milimita 1. Na biyu ya ce kada ya gaza 0.1. Duk yashin da ya faɗa tsakanin nan ya yi. Amma shi ma yashin ƙasa ne, ruwa na iya tafiya da shi in aka jingina shi da manyan duwatsu. Don haka in awon tamanin da biyar nasa milimita 2 ne, sai a bi shi da tsakuwar da awon sha biyar nata bai wuce milimita 10 ba, ita ma a bi ta da wadda ta fi ta, hawa-hawa, har a kai ga dutse ko bututun da zai kwashe ruwan. Kowane hawa yana tsare na bayansa, na gabansa yana tsare shi.

A nan ne mai karatu mai lura zai yi tambaya, kuma ita ce tambayar da ɗalibai suka fi cancanta su yi. Yashin da awon sha biyar nasa milimita 1 ne, kafofinsa sun kai wajen 0.1 zuwa 0.2, alhali yawancin ƙwayoyin ƙasar sun fi haka ƙanƙanta nesa. Me zai hana su wucewa? Amsa ita ce, da farko wasu kaɗan sukan wuce. Amma manyan ƙwayoyin ƙasar, waɗanda awon tamanin da biyar ke wakilta, sukan zo su maƙale a bakin kafofin. Tsakaninsu sai a sami sababbin kafofi da suka fi na dā ƙanƙanta, matsakaitan ƙwayoyi su maƙale a nan, su ma su haifar da waɗanda suka fi ƙanƙanta, har a kai inda ko garin ƙasa ba ya wucewa. Ashe mataci bai tace ƙasar duka ba, manyanta kaɗai ya tare, ita kuma ta tace kanta. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin ilmin, zai kuma gane dalilin da ya sa ƙasa mai giɓi, wadda ke da manya da ƙanana ba matsakaita, take da wuyar sha'ani: manyan sukan tsaya, ƙananan su zurare ta tsakaninsu, tun da babu na tsakiya da zai cike gurbin.

Abin da ya faru a Teton

Madatsar Teton a jihar Idaho ta Amurka tsayinta mita 93 ne, hukumar gwamnatin tarayya mai dogon tarihi a wannan aiki ce ta gina ta. An yi zuciyarta da garin ƙasa wanda iska ta tara, irin da ruwa ke ɗauka cikin sauƙi, aka kuma zaunar da ita a kan dutse mai tsage-tsage. Tsakanin wannan lallausar ƙasa da tsagogin dutsen ba a sa mataci ba. An dogara da siminti da aka ɗura cikin dutsen ya toshe su. Ran 5 ga Yuni 1976, ana cikin cika tafkin karo na farko, da safe aka ga ruwa mai laka yana ɓullowa ta gefen dama. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin hantsi ya daga ramin ya buɗe a jikin madatsar, aka tura motocin ture ƙasa su cike shi, ramin ya haɗiye biyu, direbobin suka tsira da ƙyar. Gab da ƙarfe goma sha biyu na rana madatsar ta ɓalle. Ruwan ya bi ta kan Wilford da Sugar City da Rexburg, mutum 11 suka rasu, dabbobi dubbai suka halaka. Kwamitin da ya bincika ya ɗora laifin a kan tsarin ginin, musamman rashin abin da zai tare ƙasa in yoyo ya fara.

Tun kafin wannan, a 1967, madatsar Balderhead a arewacin Ingila ta lotsa a samanta ba da daɗewa da cika ta ba. Ita tana da mataci, sai dai ya yi gautsi ga lallausan yumɓun da ruwa ya kankaro daga tsagar da ta buɗe a zuciyarta. An rage ruwa aka gyara, ba ta fashe ba. Darasin wuraren biyu ya sāke wa injiniyoyi tunani: a ɗauka tun farko cewa zuciyar madatsa za ta tsage wata rana, a tsara mataci domin wannan ranar. James Sherard da abokan aikinsa suka yi jerin gwaje-gwaje a Lincoln ta Nebraska, suka buga a 1984 da 1989. Sukan huda ƙaramin rami a cikin ƙasar da gangan, su tura ruwa da ƙarfi, su ga ko mataci zai toshe shi. Sun sami cewa a yashi mai ƙwaya kusan iri guda ƙasa ba ta fara zurarewa sai ninkin ya kai wajen tara, watau biyar ɗin Terzaghi tana da rarar kusan ninki biyu. Ga yumɓu mai gauraye da yashi, irin da aka fi yin zuciyar madatsa da shi, suka ba da shawarar kada awon sha biyar na mataci ya wuce milimita 0.7.

Akwai wani sharaɗi da ba ya cikin lissafin farko, a ganina kuwa ya fi kowane sauƙin mantawa. Dole mataci ya zama marar danƙo. In akwai yumɓu a cikinsa, tsagar da ta ratsa zuciyar madatsa za ta ratsa shi shi ma ta tsaya a buɗe. Yashi mai tsabta kuwa ba ya riƙe tsaga, da ruwa ya taɓa shi sai ya zube ya rufe ta. Shi ya sa ake ƙayyade cewa abin da ke wuce rariya mai ido 0.075 kada ya fi kashi 5 cikin 100, sau da yawa sai an wanke yashin kafin a kai ga haka. Peter Vaughan na Imperial College a Landan ya kawo gwaji mai sauƙi: a cika bokiti da yashin mai damshi, a daddaɓe, a kife a cikin tire, a zuba ruwa a kewaye. In ya rushe nan take, ya yi. In ya tsaya ƙyam kamar tubali, a nemi wani.

Sauran kuma aikin hannu ne. Duk wanda ya taɓa juye buhun tsakuwa ya ga manyan suna gangarawa gindin tarin. Haka ke faruwa in babbar mota ta juye busasshen yashi daga sama, sai a sami layin manya zalla a cikin mataci, lissafin da aka yi a ofis ya tashi a banza. Maganinsa a jiƙa yashin, a zuba daga kusa, a baza shi siriri-siriri. Tun wajen 1970, lokacin da aka sa shi a madatsar Valcros ta Faransa, akwai wani irin ƙyallen roba da ke yin aikin mataci, ya kuwa yaɗu a aikin hanya da magudana. Amma a cikin cikin babbar madatsa, inda ba mai iya tonowa ya sauya, injiniyoyi da yawa har yau sun fi amincewa da yashi.

Matatar ruwan sha

A madatsa ƙasa ake so a tsare, ruwan ya tafi abinsa. A matatar ruwan sha ruwan ake so, dattin ne abin yarwa. Kayan aikin ɗaya ne, amma yadda suke aiki ya ɗan bambanta. John Gibb ya gina matatar yashi a Paisley ta Sikotlan a 1804, James Simpson kuma ya gina wa kamfanin ruwa na Chelsea a Landan tasa a 1829, wadda ta zama abin koyi. Yashi ne mai kaurin kimanin mita ɗaya, awon goma nasa tsakanin milimita 0.15 da 0.35, yana zaune a kan tsakuwa hawa-hawa wadda aikinta bai wuce na Terzaghi ba, watau hana yashin bin ruwa zuwa bututu. Ruwan yana sauka a hankali ƙwarai, santimita 10 zuwa 30 a awa.

Ƙwayar cuta ta bakteriya faɗinta wajen milimita 0.001 ne, kafofin wannan yashi sun fi ta sau gommai. Da girman kafa kaɗai ne, da ta wuce sumul. Abin da ke kama ta shi ne wata yana mai santsi da ke tasowa a fuskar yashin bayan 'yan makonni, cike da ƙananan halittu masu cin 'yan'uwansu, da kuma mannewar da datti ke yi a jikin ƙwayoyin yashi yayin da yake kewaye-kewaye. In yanar ta yi kauri ruwa ya daina sauka, sai a kankare santimita ɗaya ko biyu na sama, a jira ta sāke kamawa. Daga nan za a gane cewa ruwan ramin gulbi, duk da haskensa, ba lalle ne ya kuɓuta daga cuta ba. Haske shaidar rashin laka ne kawai.

Amfanin wannan matata ya bayyana a fili a Jamus a 1892. A lokacin, Hamburg da Altona garuruwa ne manne da juna, duka daga kogin Elbe suke sha. Hamburg tana shan nata ba tacewa. Altona tana ɗiba daga ƙasa da inda ƙazantar Hamburg ke shiga kogin, amma tana tacewa da yashi. Da kwalara ta ɓarke, mutum fiye da 8,000 suka mutu a Hamburg, Altona kuwa abin da ya same ta kaɗan ne in an kwatanta. A shekarar da ta biyo Hamburg ta gama tata matatar.

Manyan birane na yanzu sun fi aiki da matata mai sauri, wadda gwaje-gwajen George Fuller a Louisville tsakanin 1895 da 1897 suka daidaita. Akan fara sa alif a ruwa don datti ya dunƙule, a bi da shi ta yashi mai ɗan gautsi, mita biyar ko fiye a awa. Wanke ta kuwa da tafasar nan ake yi da gangan: a turo ruwa daga ƙasa har yashin ya tashi ya saki dattinsa. Illar ita ce, in ya koma ya kwanta, ƙananan ƙwayoyi ne ke zama a sama, su toshe da wuri, na ƙasa ba su yi aiki ba. Sai aka yi dabarar ɗora gutsattsarin gawayin dutse a kan yashin. Ƙwayarsa ta fi ta yashi girma amma ta fi ta sauƙi, nauyinsa wajen ninki ɗaya da rabi na ruwa, na yashi 2.65, don haka kome wanki a sama yake tsayawa, ruwa ya fara ratsa manyan kafofi kafin ƙanana.

Malamin da ke so ɗalibai su gani da idonsu ba ya bukatar ɗakin gwaji. Ya sami gorar roba biyu masu haske, ya yanke gindinsu, ya kife su baki ƙasa. A ta farko ya zuba tsakuwa, ya ɗora turɓaya kai tsaye a kanta. A ta biyu ya zuba tsakuwar, sa'an nan ƙananan tsakuwa kamar ƙwayar dawa, sa'an nan wankakken yashi, kafin turɓayar. Ya zuba ruwa daidai wa daida a kowace, ya tara abin da ke fita a kofin gilashi. Ta farko za ta yi ta zubar da laka har fuskar turɓayar ta lotsa. Ta biyu za ta ɗan gurɓata a kofin farko, na biyu ya fito da sauƙi, na uku garau. Ya kamata a sa ɗalibai su ajiye kofin farkon nan su duba abin da ya kwanta a gindinsa, domin shi ne 'yan ƙwayoyin da suka wuce kafin manyan su toshe kafofin.